Ranar da Pak Tukiran ya tsufa

A garinmu Sumberwangi, duk wanda furfura ta kama Mbah ake ce masa, wato Kaka, kuma da murna yake amsawa. Mutum ɗaya ne in ka kira shi Mbah ka ja wa kanka magana har la'asar, shi ne Pak Tukiran, wato Malam Tukiran. In ka tambaye shi shekarunsa zai ce sittin da ɗan ɗoriya. In ba ka tambaya ba ma zai faɗa maka. Tun kafin a zuba kwalta a titin kasuwa yake sittin da ɗan ɗoriyar nan. Kwaltar ta tsufa ta farfashe, an zuba wata, shi bai gusa ba.

Gashinsa baƙi wuluk, albarkacin wani rini da yake sayowa a kasuwar wani gari don kada a gan shi. Ga matsattsen wandon jins, ga baƙin tabarau ko da ana ruwa. Waɗanda ya goya suna yara, yanzu Yaya yake ce musu. Kowa ya san gaskiya, amma mu nan ba a ƙaryata mutum a fuskarsa. Sai a yi murmushi a ce haka ne, a bar shi da kayansa.

Kullum da safe tsofaffin garin kan taru a filin gaban ofishin mai gari, a kunna kiɗa, su yi ta ɗaga hannu da karkaɗa ƙugu suna dariya. Mbah Sarinten ce ke ja musu gaba, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai bakin tsiya da ta ƙare ƙuruciyarta a kan bishiyoyin kanumfari tana tsinko wa masu gona. Pak Tukiran kuwa yana rumfar kofi a tsallaken titi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi musu sharhi. "Ku dubi rawar masu ciwon gwiwa," in ji shi. "Allah ya sa in na tsufa kada in zama haka."

Ana nan, wata rana ya saki kan babur ya ɗaga hannu biyu zai gaida wata bazawara, babur ya zarce da shi cikin gonar shinkafa. Bai ji ciwo ba, amma labari ya riga shi tashi daga taɓon. Kafin mako ya zagayo sai ga 'yarsa Lastri daga birnin Semarang, fuska a ɗaure. A rumfar kofi ta same shi, a gaban mutane.

"Baba, na gyara maka ɗaki. Ga fanka, ga talabijin, ga kujera mai lilo. Ba abin da za ka riƙa yi sai hutu."

"Hutu? Na ce miki na gaji?"

"Ka faɗa gona da babur."

"Ban faɗa ba. Sauka na yi in duba ruwa."

"Har da babur ɗin?"

"Shi ma ya yi ƙura."

Rumfa ta ɗauki dariya, Lastri ba ta yi ba. Ta ce da zarar an gama bikin ranar 'yanci za su tafi tare, magana ta ƙare. Pak Tukiran ya san gidan nan nata, can saman bene, inda ba mai ce maka ina kwana sai talabijin. A nan kuwa kabarin matarsa na bayan masallaci, duk Alhamis yana zuwa ya share shi ya ba ta labarin gari. Tsoro ne ya kama shi sosai, kuma shi Pak Tukiran in ya tsorata bakinsa ke fara gudu.

Ya miƙe ya nuna gonar mai gari, inda samari ke kafa itacen pinang na bana. Dogon itace ne feƙaƙƙe sumul, an shafe shi da baƙin mai, an kafa shi tsakiyar taɓo, a ƙolinsa an ɗaura zoben gora da aka rataya wa kyaututtuka, tuta ja da fari a can tsakiya.

"Kin ga tutar can? Ranar biki da hannuna zan ciro ta. In na ciro, ki kama hanyarki ki bar ni a garina. In na kasa, ki naɗe ni a tabarma ki kai ni Semarang."

Lastri ta dubi itacen daga ƙasa har sama, ta dubi ubanta daga sama har ƙasa. "Na yarda, Baba," ta ce. Mai kofi ya ce shi shaida ne, haka duk wanda ke rumfar.

To, ba mai hawan pinang shi kaɗai. Sai an yi ƙungiya, wannan ya taka kafaɗar wancan har na sama ya kai. Pak Tukiran ya bi ƙungiyoyin samari ɗaya bayan ɗaya. Samarin arewacin gari suka rusuna suka ce ai da sun so, amma sun cika. Na bakin kogi suka ce su ba su kai su hau tare da gwani irinsa ba. Na bayan kasuwa da suka hango shi tafe sai suka tuna suna da aiki a gona. Da ya ga ba sarki sai Allah, washegari da safe ya tsallaka titi a karo na farko, ya tsaya gefen masu rawar ciwon gwiwa yana gyaran murya.

Mbah Sarinten ta kashe kiɗa. "A'a, yau yaro ne a cikinmu? Ɓatan hanya ka yi, ƙanena? Makarantar firamare tana can gaba."

"Yaya Sarinten, taimakonku na zo yi."

"Allah sarki. Wane taimako muka nema?"

"Kowace shekara wace gasa ake ba ku ranar biki?"

Nan ya taɓa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi. Mbah Poniman, ƙaton mutum mai tumbi da ya yi shekaru yana da injin casar shinkafa, ya buga tsaki. "Cin kerupuk, soyayyen abin nan mai tauri kamar biskit. A rataya mana shi a zare, a ɗaure mana hannu a baya, a ce mu gatsa. Da wane haƙorin?"

"Bara tsotsar nawa na yi ta yi har aka kira magariba," in ji Mbah Kasdi, tsohon mai aski, siriri kamar tsinken tsire. "Jikokina suna ta tafi, wai Mbah ya yi ƙoƙari."

"Kuma a zaunar da mu a inuwa kamar kayan wanki," wata tsohuwa ta ƙara daga baya.

"To bana pinang za mu hau," in ji Pak Tukiran. "Ni ne shugaba, ni ne a ƙoli. Ku dai ku tsaya ƙyam, sauran aikin nawa ne. Ina saurayi, wato kwanan baya, biri ma sai ya tsaya ya kalle ni."

Tsofaffi suka dubi juna. Sun san zancen Lastri, don garin ba ya riƙe sirri. Mbah Sarinten ta yi wani murmushi da ya kamata ya ba shi tsoro, ta ce sun yarda. Shi ya so a kira ƙungiyar Damisoshin Sumberwangi, aka kaɗa ƙuri'a aka sa mata Samarin Jiya.

Daga ranar tsofaffi suka ƙara wa rawarsu tsugunno da ɗaukar juna. Shugaba kuwa ya ce shi ba ya bukatar gwaji cikin taro, kada ya karya musu gwiwa. Ya saci man girkin Lastri, ya zagaya bayan gidan Mbah Kasdi inda wata bishiyar kwakwa ta sunkuya kan tafkin kiwon tarwaɗa, ya shafe gindinta tas. Ya tofa yawu a hannu, ya ja baya, ya rugo ya dafe. Ya ɗan hau kuwa, kamar tsayin mutum. Daga nan sai bishiya ta ce ba ta san zance ba. Ya taho sululu, ya yi juyi, ya faɗa tafki tsundum, tarwaɗa suka watse.

Mbah Kasdi ya leƙo ta taga da kofin shayi a hannu. "Ƙanena, nan ma ruwan ka zo dubawa?"

"Kifinka sun rame, Yaya. Ka ƙara musu abinci."

A gida Lastri ta ga kwalbar manta wayam, ta ga ubanta na ɗigar ruwa da ganyen tafki a kunne. Sai ta ɗauko babbar jaka ta ajiye a tsakar ɗaki a buɗe. Duk sanda ya wuce sai ya kauda kai.

Da ya ga ƙarfi ba zai yi ba, ya koma dabara. Ya tuna danƙon nangka, farin ruwan nan da ke fitowa in an yanka ɗanyen nangka, wani ƙaton ɗan itace, wanda yara ke kama tsuntsu da shi. Ya yi dariya shi kaɗai, yana mamakin yadda duk garin ba wanda ya taɓa tunanin haka sai shi. Da safiyar biki ya sari nangkan maƙwabci, ya shafe tafin hannunsa da ƙirjinsa da danƙo, ya fito ba riga, hannuwa a buɗe kamar mai shanya.

Garin ya cika maƙil. An ja zaren ƙananan tutocin takarda a kan hanya, ya bi ta ƙarƙashi, zaren ya kama ƙirjinsa ya biyo shi. Ya kai hannu zai cire, ya manne a hannun. Wata kaza ta gifta a guje, ya kore ta, ta bar masa gashinta a yatsu. Haka ya iso bakin gona, a lulluɓe da tutoci da gashin kaza, mutane na buɗa masa hanya. Mai gari, mutumin kirki mai son gaisuwa, ya taso da fara'a ya miƙa hannu biyu, kafin Pak Tukiran ya ce kada, sun riga sun gaisa.

Suka gaisa. Suka ƙara gaisawa. Mai gari ya tambayi lafiya, ya tambayi Lastri, ya tambayi babur, yana ɗan jan hannunsa cikin ladabi, hannu ya ƙi zuwa. Mai lasifika ya sanar cewa mai gari ya zo ya buɗe taro, sai ga mai gari ya nufi rumfa yana jan Pak Tukiran a gefe kamar ango da abokinsa.

Mbah Sarinten ce ta cece su. Ta je ta lakato baƙin mai a jikin pinang da yatsa, ta goga tsakanin hannuwansu, nan take suka rabu.

"Duk wadda ta taɓa yanka nangka ta san da mai ake wanke danƙonsa," ta ce. "Kai kuma itacen da aka yi wa wanka da mai za ka kama da shi. Da ka taɓa leƙa madafa sau ɗaya a rayuwarka da ka huta."

"Gwada shi nake yi, Yaya. Na san ba zai yi ba."

"Haka ne," in ji mai gari, yana goge hannu a wandonsa na biki.

Samari suka fara. Tun hantsi suke hawa suna zubowa, ƙungiya bayan ƙungiya, sun kwashe rabin man da jikinsu amma ba wanda ya taɓa zoben. Bayan azahar mai lasifika ya ce, "Jama'a, a matsa! Ga Samarin Jiya nan tafe! Wanda ya san kakansa na ciki ya riƙe masa haƙoransa!" Aka kwashe da sowa. Tsofaffi suka shiga taɓo suna ɗaga wa jama'a hannu, Lastri na tsaye a kan kunyar gona ta harɗe hannu a ƙirji.

"To," in ji Pak Tukiran, "Yaya Poniman, rungumi itace. Yaya Kasdi, ka hau kansa. Ni zan zo daga ƙarshe."

Ba wanda ya motsa. Mbah Poniman ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Ƙanena, ai ba zai yiwu ba."

"Me ba zai yiwu ba?"

"Ka taka kafaɗata? Ƙafarka a saitin kaina, ni da na girme ka? Ina tsoron alhaki ya kama ka. Ƙafar nan sai ta shanye kafin damina."

Gaskiya ya faɗa, don a wurinmu yaro ko wucewa zai yi ta gaban babba sai ya rusuna, balle ya ɗora masa ƙafa a kafaɗa. Samari ba ruwansu, duk sa'o'in juna ne. Amma tsofaffi kowa ya san wanda ya riga wani shan nono.

"Ƙaramin kowa shi ne a ƙasa," in ji Mbah Sarinten. "Babban kowa a ƙoli. Haka muka tsara tun ranar farko, da kana zuwa gwaji da ka ji. Wa ye ƙaraminmu?"

Tsofaffi duka suka juyo suka dubi mai baƙin gashi.

"Sittin da ɗan ɗoriya," in ji Mbah Kasdi. "Kai, ƙuruciya daɗi."

Ido ya raina fata. Pak Tukiran ya dubi tumbin Mbah Poniman, wanda shi ke bi masa a lissafin, ya dubi jama'a, ya dubi Lastri. Ya rungumi itace. "Hau, Yaya. Buhu biyu nake ɗauka kafin karin kumallo."

Mbah Poniman ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa ɗaya. Pak Tukiran ya nitse zuwa gwiwa. Ya ɗora ta biyu, Pak Tukiran ya ce wani abu da ba kalma ba, ya tafi ƙasa a hankali kamar ana dasa shi, sai baƙin tabarau kawai aka gani yana yawo a kan taɓo. Aka zaro shi da ƙafa.

"Santsi ne," ya ce yana tofar da laka. "A sake."

Aka sake. Wannan karon wandon jins ne ya fara sallamawa, ya yage daga baya da ƙarar da har mai lasifika ya ji ya sanar. Ga rana, ga gumi, ga baƙin mai, sai rinin kansa ya fara bin goshi yana gangarowa ta gefen hanci. Wata jika a bakin gona ta ce da ƙarfi, "Mama, kan Pak Tukiran yana zuba!" Mbah Poniman ya sake ɗaga ƙafa zai hau karo na uku.

"Tsaya!" Pak Tukiran ya daka tsawa. "Poniman, sauke ƙafar nan! Ni kake shirin takawa? Ni da na goya ka ranar da aka yi maka kaciya kana ta tsala ihu?"

Mbah Poniman ya buɗe ido kamar bai taɓa jin labarin ba. "Kai, ƙanena? Ai ba a haife ka ba lokacin."

"An haife ni! Na girme ka, na girmi Kasdi, na girmi duk namijin da ke cikin taɓon nan!"

"Ban ji ba," in ji Mbah Sarinten. "Ka san kunnen tsofaffi." Ta yafito mai lasifika, ya shigo taɓo da wandonsa a naɗe, ya kara masa abin magana a baki. "Shekara nawa?"

Gaba kura, baya sayaki. A baya ga tumbin Poniman, a gaba ga jakar nan a buɗe a tsakar ɗaki. Pak Tukiran ya rufe ido.

"Saba'in da tara," ya ce, garin duka ya ji har tsallaken kogi.

"Wa ke magana?"

"Mbah Tukiran."

Wata irin sowa ta tashi, har tsuntsaye suka bar gonakin maƙwabta. Tsofaffi suka zo ɗaya bayan ɗaya suna rusunawa suna sumbatar hannunsa mai gashin kaza, suna cewa sannu da zuwa, Yaya, mun daɗe muna jiranka. Sannan kowa ya kama wurinsa ba gardama, don a haka suka yi ta gwaji tun farko. Mbah Poniman ya rungumi itace ya tsaya kamar turmi, tsofaffin mata suka kewaye shi suka tokare, wani ya hau kansa, Mbah Kasdi ya hau na biyun. Aka cicciɓi Mbah Tukiran, wanda in ka cire bakinsa bai fi nauyin ɗan akuya ba, aka yi ta miƙa shi sama.

Ya tsaya a kafaɗar Mbah Kasdi. Zoben gora na nan saman kansa, ga tukunya, ga laima, ga fanka suna lilo, ga tuta. Saura ya ɗan ja jiki ya miƙa hannu. Sai ya yi abin da kowane mai hawa ya san ba a yi, ya dubi ƙasa. Ya ga mutane sun zama ƙanana, ya ga rufin masallaci, gona ta fara juyawa. Ya ƙanƙame itace da hannu da ƙafa, ya manna kunci a jikin baƙin mai ya rufe ido gam.

"Miƙa hannu, Yaya!" in ji Mbah Kasdi daga ƙarƙashinsa.

"Ina nazarin iska."

"Kafaɗata za ta cire!"

"Ku sauke ni. A'a, kada ku motsa! Kada kowa ya motsa!"

Mbah Poniman ya fara nishi daga ƙasa. Mbah Sarinten ta dube su, ta girgiza kai, ta tattare zaninta ta soke shi tam. "Tukiran," ta kira, "shekarar da dutse mai aman wuta ya zubo mana toka uwarka ta haife ka, ni kuwa lokacin ina rarrafe. Ko ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne, Yaya! Komai kika ce gaskiya ne!"

"To ba alhaki."

Ta dafa Poniman ta haye, ta taka na biyu, ta bi ta bayan Kasdi kamar mai hawa matakalar gidanta. Ta ɗora ƙafa a kafaɗar Mbah Tukiran, ta ɗora ɗayar a tsakiyar kansa inda rini ya fi yawa, ta kama zoben gora ta zauna a kai. Ta zare tuta ta kaɗa, sannan ta shiga kwance kaya tana jefowa ƙasa tana kiran sunan wanda za a ba. Samarin da suka sha kaye tun safe suka tsaya baki buɗe.

Sai da ta sauko ta bi ta kansu kamar yadda ta hau, sannan gwiwar Mbah Poniman ta ce ta gama aikinta. Ginin ya rushe daga ƙasa. Mbah Tukiran ya taho sululu yana salati, sai dai bai kai taɓo ba. Hannuwa ne suka tare shi, na tsofaffin mata da na maza, wannan ya kama ƙafa, wancan ya tallafi kai, wata ta yi sauri ta rufe yagaggen wandon da gyalenta. Haka suka ɗauko shi zuwa bakin gona suna dariya har da hawaye, shi yana ce musu su bi a hankali.

Lastri ta kawo bokitin ruwa ta zaunar da shi a kan kunya tana wanke masa kai. Baƙi ya yi ta zuba, sai ga gashi fari fat ya fito, wanda ita kanta rabonta da ganinsa tun rasuwar mahaifiyarta. Kunya ta kama shi, baƙin ciki kuma ya fi kunyar yawa.

"Je ki zuge jakar," ya ce a hankali. "Da hannuna na ce, kuma ba hannuna ba ne. Ki bar ni dai in je bayan masallaci in yi sallama."

Lastri ta ci gaba da zuba ruwa. Ta dubi tsofaffin da suka zazzauna kewaye da su, duk laka har kunne, suna gardamar wa zai ɗauki fanka, Mbah Poniman na cewa a matsa wa Yaya Tukiran kafaɗa.

"Baba," ta ce, "da ka taho daga sama na so in ƙirga hannuwan da suka tare ka, na kasa. A Semarang hannu biyu ne kawai, nawa, su ma tun safe suna wurin aiki." Ta share ido da bayan hannu. "Ka zauna. Amma makullin babur zan tafi da shi."

Mbah Tukiran ya kama hannunta ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, kuma wannan karon ba danƙo. Can ya yi gyaran murya.

"Wa ya ce miki faɗowa na yi?"

"Sauka ka yi ka duba ruwa!" tsofaffi suka amsa baki ɗaya.

Washegari da safe yana layin gaba a filin ofishin mai gari, kai fari tas, in an yi hagu shi ya yi dama, yana faɗa wa na kusa da shi cewa su ne suka ɓata. Da aka tashi ya tare wani baƙo mai sayar da tsintsiya, wanda bai tambaye shi komai ba, ya ce masa shi ne ya ɗaga Sarinten jiya, kuma baɗi shi zai kasance a ƙoli, don an yi kuskure a lissafi.

"Shekarunka nawa, Mbah?" in ji baƙon.

"Casa'in," ya ce, yana satar kallon Mbah Sarinten. "Da ɗan ɗoriya."

Muka yi murmushi muka ce haka ne.